Shigar Burtu: Maharban Ƙasar Daura da Dajin da Ya Ƙare

Barewa ba ta yarda da ɗan Adam, amma ba ta gudun burtu. Wannan baƙin tsuntsu mai dogon baki, wanda tsayinsa ke kaiwa kusan mita 1, yana yini a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai a tsakiyar namun daji masu kiwo. Maharban ƙasar Hausa sun lura da haka tun kaka da kakanni, sai suka ari kansa.

Wani da ƙoƙon kan tsuntsun yake haɗa nasa, wani ya sassaƙa da itace. A rufe shi da fata, a manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, a sa maɗauri. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙar riga, ya durƙusa ya shiga rarrafe. Daga nan aikin haƙuri ne. Dole ya fuskanci iska, don kada ta kai wa dabba warinsa. Yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai caccakar ƙasa. In gada ta ɗago ta zuba masa ido, sai ya ci gaba da kiwonsa na ƙarya har ta saki jiki. Kibiya ba ta cin dogon zango, ko da an shafe ta da dafin kwankwani, saboda haka gwanintar maharbi a sanɗa take, ba a ƙarfin damtse ba. Nufawa ma suna da irin wannan dabara.

To ina dajin da ake wannan aiki a ƙasar Daura, wadda yau gona ke haɗe da gona daga Sandamu har Mai'aduwa? Abin mamaki, yaƙi ne ya raya shi. Bayan da Malam Isiyaku, jagoran masu jihadi, ya ci Daura wajen 1805, sarakunan Haɓe suka fice, zuriyarsu ta kafa mazauni a Zango da Baure, ga kuma Damagaram tana matsowa daga arewa. Manomi ba ya yin nisa da ganuwa a irin wannan zamani. Filayen da ke tsakanin garuruwa suka koma kurmi, wurin kwanton ɓauna ga mahara, wurin cin abinci ga maharba. Mutumin da ya iya bin sawun gwanki ya iya bin sawun doki, shi ya sa Sarkin Baka, shugaban maharba, ke da daraja a fadojin ƙasar Hausa.

Annobar shanu ta farkon shekarun 1890 ta kashe manyan namun daji tare da garken Fulani. Amma zaman lafiya ne ya yi babban aikin cinye dajin. A 1906 Turawan Ingila suka mayar da sarautar Daura ga Malam Musa na gidan Haɓe, hare-hare suka lafa, mutane suka fita sharar sababbin gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, gatari ya shiga daji. An yi dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, amma doka kan hana harbi ne, ba ta hana noma. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage.

Bindiga ma ta rage wa sanɗa daraja, ko da yake harba-ka-ruga tana buƙatar a matso kusa kafin a harba.

Farautar da ta wanzu ita ce ta rani, bayan an kawar da amfanin gona: gayyar matasa da karnuka da gora da makaɗa, ana korar zomo da gafiya da fakara, wani lokaci a ƙare da rigima kan wanda karensa ya fara kamu. Wannan hayaniya ce, akasin aikin maharbi mai tafiya shi kaɗai. Kawunan burtun kuwa, da yawa sun koma gidajen tarihi da shagunan dillalan kayan gargajiya a Turai da Amurka. Masu sanin sawu da suka rage sun sami wani aikin: a 2014 mafarauta na cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, a garuruwan Arewa da dama kuma su ake nema idan ɓarayin shanu sun shiga daji.