Umar Sadiq: Yawon Ɗan Kaduna a Ƙungiyoyin Turai

A gidajen kallon ƙwallo na Azare, in ana maganar La Liga, musun ba ya wuce Real Madrid da Barcelona. Ba kasafai ake tuna cewa akwai ɗan Arewa a gasar ba, wanda har ƙwallo ya zura wa Atletico Madrid a wasansa na farko da sabuwar riga. Umar Sadiq ke nan, dogon ɗan wasan gaba da aka haifa a Kaduna ranar 2 ga Fabrairu, 1997. Tarihinsa ya kamata matasanmu masu burin fita waje su san shi, iyayensu ma haka, domin hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce yadda ake zato.

Ya fara ne a ƙungiyar unguwa, Kusa Boys, kamar dai yaranmu da ke buga ƙwallo da la'asar a filayen makarantu. Daga baya ya shiga makarantar horar da 'yan wasa ta Football College da ke Abuja, wadda ke da alaƙa da Gabriele Volpi, attajirin Italiya mai harkar tashoshin jiragen ruwa a Najeriya, wanda kuma shi ne mai ƙungiyar Spezia a lokacin. A 2013 makarantar ta je wata gasar matasa a Rijeka ta ƙasar Kuroshiya, Sadiq ya yi fice, sai Spezia ta ɗauke shi yana ɗan shekara 16. Aka fara ajiye shi a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Lavagnese.

Wannan hanya da aka bi da shi ba ta ƙare lafiya ga Spezia ba. A 2021 FIFA ta hukunta ƙungiyar, ta hana ta sayen 'yan wasa, saboda karya dokar da ta hana safarar yaran da ba su kai shekara 18 ba, kuma yaran Najeriya ne ake magana a kansu. To idan ƙungiya mai rijista da lauyoyi ta faɗa cikin wannan, ina ga wanda zai zo gida ya ce a sayar da gona a biya masa kuɗin kai yaro gwaji Turai?

Roma ta karɓe shi aro a 2015. Ranar 20 ga Disamba ya shigo daga benci ya ci Genoa da ka, bayan sati biyu da 'yan kwanaki ya sake cin Chievo. Roma ta saye shi a 2016. A bazarar shekarar ya je gasar Olamfik ta Rio ƙarƙashin Samson Siasia, ya ci ƙwallaye 4, biyu daga ciki a wasan da aka doke Honduras 3-2 aka samu tagulla, wadda ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta dawo da ita. Abokin tafiyarsa daga Spezia zuwa Roma, Abdullahi Nura, bai yi irin wannan sa'a ba, matsalar zuciya ce ta katse masa wasa yana kan ganiyarsa.

Daga nan ne abin ya juya. Roma ta mallake shi amma ba ta da gurbinsa, sai ta shiga ba da shi aro: Bologna, Torino, NAC Breda ta Holan, Rangers ta Scotland, sai Perugia. Ƙungiyoyi 5 cikin shekara 3. A Bologna da Torino ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. A Breda, inda aka ɗan sake masa, ya ci 5 cikin rabin kaka. Ta Rangers kuwa ita ce mafi ɗaci. Steven Gerrard ne koci, kuma bai cika sa shi ba, har sai wasan kusa da na ƙarshe na kofin League Cup da Aberdeen a Oktoban 2018, lokacin da manyan 'yan wasan gaban ƙungiyar ba su da damar bugawa. Sadiq ya samu dama ya kewaye mai tsaron raga, sai ya faɗi. Alƙalin wasa ya ce da gangan ne, ya ba shi katin gargaɗi, aka fitar da Rangers da ci 1-0. Kafin shekara ta ƙare an soke aron. A ganina an yi masa hukunci da gaggawa. Yaron da ake sauya wa gari da yare da koci duk bayan wata shida, yaushe zai natsu ya san abokan wasansa?

Hujjar wannan magana ta fito a Sabiya. Partizan ta Belgrade ta ɗauke shi a 2019, kocinta Savo Milosevic, wanda shi ma tsohon ɗan wasan gaba ne, ya riƙa sa shi kowane mako. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ya ci sama da ƙwallaye 20. A Oktoban 2020 Almeria ta Sifaniya, wadda Turki Al-Sheikh na Saudiyya ya saya, ta biya kimanin yuro miliyan 5 ta kawo shi gasar rukuni na biyu. Kakar farko ya ci 20, ta biyu ya ci 18, Almeria ta lashe gasar a 2022 ta koma La Liga. Waɗannan shekaru biyu su ne mafi kyau a rayuwarsa ta wasa zuwa yanzu. Mai kallonsa a karon farko zai ɗauka ƙwallon za ta kuɓuce masa saboda yadda yake jan dogayen ƙafafunsa, sai ka ga ya wuce mutum biyu.

Da Alexander Isak ya koma Newcastle, Real Sociedad ta nemi magajinsa, ta sayi Sadiq kan kimanin yuro miliyan 20 ranar 1 ga Satumba, 2022. Bayan kwana biyu ya ci Atletico Madrid, aka tashi 1-1. Ranar 11 ga watan, a filin Getafe, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Kwana goma kacal da zuwansa. Aka yi masa tiyata, kakar gaba ɗaya ta wuce shi, kuma da ya dawo bai sake samun tsayayyen gurbi a wurin koci Imanol Alguacil ba, magoya baya ma suka fara ƙorafi.

A Janairun 2025 aka sake ba da shi aro, wannan karon ga Valencia, wadda ke can ƙasan teburi tana fargabar faɗuwa. Koci Carlos Corberan ya ba shi dama, shi kuma ya biya. A watan Maris ya ci biyu a gidan Osasuna a wasan da aka tashi 3-3, ta biyun da dunduniya ya sa ta ana dab da tashi. Valencia ta tsira, ta gama kakar a matsayi na 12.