Shanyewar Jiki a Birnin Dublin

Shekara tara James Joyce ya yi yana fafutukar fito da Dubliners, tarin gajerun labarai 15 a kan mutanen garinsu. Ya miƙa wa Grant Richards na Landan a 1905, mai buga takardun ya ce akwai kalmomin da ba zai ɗora a injinsa ba. Ya koma wurin kamfanin Maunsel na Dublin, su kuma suka tsorata da sunayen gidajen giya na gaske da ke ciki, da wata magana a kan Sarki Edward na Bakwai. A 1912 aka lalata shafukan da aka riga aka buga. Joyce ya bar Ireland a shekarar, bai sake taka ƙasar ba. Littafin ya fito a 1914.

Me ya sa ake tsoronsa haka? A ganinmu, don ya nuna wa Dublin fuskarta. Tun 1801 aka rufe majalisar Ireland, mulki ya koma Landan. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya. Parnell, jagoran da ake sa ran zai samo musu mulkin kai, nasa mutanen suka juya masa baya saboda maganar matar aure, ya rasu a 1891. Wannan garin Joyce ya gada, kuma alamar da ya zaɓa masa ita ce shanyewar jiki.

Labarin farko da limamin coci ya buɗe, wanda ciwon shanyewa ya kayar. Daga nan cutar ta bar jiki ta shiga zuciya. Eveline ta isa bakin jirgin ruwan da zai kai ta Buenos Aires, saurayinta yana kiranta, ta riƙe ƙarfe ta kasa ɗaga ƙafa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan yanayin: allo a kunne, komai a wurinsa, amma ka latsa, shiru.

Wanda ya fi ba mu dariya mai ciwo shi ne na 'yan kamfen ɗin zaɓe. Ranar tunawa da Parnell ce, suna zaune gaban wutar da ta kusa mutuwa, hirarsu ko ɗan takara zai biya su. Aka karanta waƙar makokin jagoran, sai murfin kwalbar giyar da aka ajiye a bakin wuta ya fita da ƙara.

Labarin ƙarshe, The Dead, a Trieste ya rubuta shi a 1907, kuma a nan zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Gabriel ya gane matarsa Gretta tana ɗauke da wani saurayi da ya mutu tun tana budurwa a Galway. Ya juya wajen taga, dusar ƙanƙara tana rufe gari da maƙabarta ba bambanci. Masana har yau suna jayayya: mutuwa ce dusar, ko farkawa? Mu dai mun lura cewa Gabriel ya fara tunanin tafiya yamma, ɓangaren ƙasar da ya raina a farkon daren.