Labarin Algaitar Turawa da Yadda Ake Kula da Ita

Ya ku 'yan'uwa na Nima da Mamobi, kun san algaita, wadda ake busa wa sarakunan Zango. To, tana da 'yar'uwa baƙa mai fararen maɓallai, wadda 'yan badujala suke busawa. Turawa suna ce da ita kilarinet. Ga labarinta.

Wani Bajamushe, Johann Christoph Denner, mutumin Nuremberg, shi ya fara ƙera ta wajen 1700. A lokacin nan maɓallanta biyu ne kaɗai. Tsakanin 1839 da 1843 waɗansu Faransawa biyu, Klosé da Buffet, suka sake shirinta, ta zama mai maɓalli 17 da zobe 6. Amma baƙin itacen da ake sassaƙa masu kyaunta da shi na Afirka ne, watau tabum. Daga Tanzaniya da Mozambik ake saro mafi yawansa. Ba ya saurin girma, yakan yi shekara 60 ko fiye kafin ya isa sara. Saboda yawan saransa, a 2017 ƙasashen duniya suka sa wa cinikinsa ƙa'ida.

Ta hannun soja kayan busa na Turawa suka shigo ƙasan nan, Hausawa kuwa sun daɗe cikin soja. A 1873 Kyaftin Glover ya zo da sojan Hausawa daga Ikko domin yaƙin Asante. A 1931 Malam Amadu Futa ya sami filin Nima, sa'an nan bayan yaƙin duniya ya ƙare a 1945 tsofaffin soja da yawa suka zauna a nan, kusa da bariki. Kunnen mutanen Nima ya saba da badujala tun tuni.

Cikin watan Mayu na 1956 Louis Armstrong, mai busa ƙaho na Amurka, ya zo Ankara. Tare da shi akwai Edmond Hall, gwanin kilarinet. Ƙasar ta shiga ransa ƙwarai, har ya komo a 1959 da nufin zama ya koyar, amma bayan 'yan watanni ya koma gida.

An ƙera ta domin ƙasar sanyi, don haka iskarmu tana wahal da ita. Da damina laima takan sa ta yi fumfuna, iskar teku kuma ta sa 'yan alluran da ke ta da maɓallai su yi tsatsa. Da hunturu itacen yakan bushe ta waje alhali cikinsa da danshin numfashi, sai ya tsage.

Ga abin da gwanaye suke yi. Gaɓoɓinta biyar ne. In an gama busa, sai a rarraba su, a zura tsumma mai laushi cikin kowace gaɓa har ta bushe. A kwance harshenta, watau ɗan siririn goran da ake ɗaurawa a bakinta, a share shi, a ajiye shi a shimfiɗe. A wanke bakin da ruwan sanyi, gama ruwan zafi yakan ɓata shi. A shafa ɗan mai a mahaɗan gaɓoɓin, kada a cusa su da ƙarfi har maɓalli ya lanƙwashe. A duba 'yar fatar da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, gama in ɗaya ta yage iska za ta zurare, murya ta shaƙe. Kada a busa da goro ko tuwo a baki. Kada kuma a bar ta a rana, sai a mai da ita akwatinta.

Wanda aka danƙa wa ita ya tuna, itacen nan ya fi shi shekaru tun kafin a sare shi. In ya kula da ita, ɗansa ma zai busa ta. In ya yi sakaci, hunturu ɗaya ya isa ya tsaga ta, mai gyara kuwa ba a kowace unguwa yake ba. Rigakafi ya fi magani.