Huda ko yanka: sunayen ƙofar numfashi a wuya

Idan majiyyaci ya daɗe a kan na'urar numfashi, likitoci kan tara 'yan uwansa su ce za a buɗe masa ƙofa a wuya a sa bututu. Sunan aikin a bakinsu tirakiyostomi, kalmar da ta samo asali daga Girkanci. Tirakiya na nufin "mai kaushi", domin maƙogwaro zobban guringuntsi ne a jere, duk wanda ya shafa wuyansa zai ji su. Istoma kuma baki ne ko kafa. Tirakiyostomi na da 'yar uwa, tirakiyotomi, wadda ƙarshenta ke nufin yanka. Ta farko ƙofar take nufi, ta biyu yankan, amma a asibiti yau an gauraya su.

Aikin ya daɗe. A 1546 Antonio Brasavola na Italiya ya rubuta labarin wanda ya yi wa shi ya rayu. A ƙarni na 19 Armand Trousseau ya ceci yara masu mashaƙo da shi a Faris, sannan a 1909 Chevalier Jackson na Amurka ya tsara ƙa'idojinsa. Wannan ita ce hanyar da ake kira "ta tiyata": a tsaga fata, a raba tsoka, likita ya ga maƙogwaro da idonsa kafin ya buɗe.

Hanya ta biyu ana ce mata "ta gefen gado", kuma a nan ruɗu yake. Sunan ya faɗi wuri ne kawai, bai faɗi yadda ake aikin ba, alhali ita ma ta tiyata ana yin ta a gefen gado idan ɗaukar majiyyaci na da haɗari. Sunanta na asali daga Latin ya fito, ma'anarsa "ta cikin fata". Pasquale Ciaglia ne ya fito da ita a 1985, ya aro dabarar waya da Sven Seldinger na Suwidin ya ƙirƙira a 1953. Ana soka allura tsakanin zobe na biyu da na uku, a zura siririyar waya, a bi ta kanta a faɗaɗa hudar har bututu ya shige. Ɗaya daga cikin kayan faɗaɗawar sunansa Blue Rhino, saboda ya lanƙwashe kamar ƙahon karkanda.

Kowacce da inda ta fi. Huda ta fi sauri, ciwonta ƙarami ne, bai cika ruruwa ba. Amma idan bututu ya fita a makon farko, ƙofar kan tsuke, mayar da shi sai an sha wuya. Shi ya sa ga mai gajeren wuya da ƙiba, da mai maƙoƙo, da ƙaramin yaro, tiyata ta fi aminci.

Suna yana da nauyi ga wanda zai sa hannu a takardar yarda. Bahaushe ya ji "yanka a wuya" gabansa ya faɗi, ya ji "gefen gado" ya ɗauka ɗan ƙaramin aiki ne. Dukansu biyu ƙofa ɗaya suke buɗewa, kuma kowacce na iya jawo zubar jini. Ya kamata likita ya faɗa da Hausa ƙarara: hudawa za a yi ko tsagawa, a ina, kuma me ya sa aka zaɓar wa wannan majiyyaci ita.