Daga tabarmar kaka zuwa littafin aljihu

Kafin ɗan Umdurman a Sudan ya san littafin ban tsoro, ya riga ya san ba'ati. Ba'ati shi ne mamacin da aka binne, ya taso ya dawo cikin mutane, kusan abin da muke kira fatalwa. A bakin habboba, wato kaka, ake jin labarinsa bayan sallar isha, tare da na dodanni da na Fatima as-Samha, kyakkyawar da ta gudu daga gida ta ɓuya cikin fatar wani tsoho. Duk wanda ya zauna gaban gwaggonsa yana jin yadda Dodo ya haɗiye 'yan mata zai gane wannan zama.

A 1946 ofishin wallafa na hukumar ilimi ya fara fitar da mujallar As-Sibyan a Hartum, ɗaya daga cikin mujallun yara na farko a harshen Larabci. Malaman makaranta ne suka raine ta, saboda haka ta fi karkata ga tarbiyya da raha. Shehin malami Abdullahi Ɗayyib, wanda Kanawa suka sani tun yana shugabantar Kwalejin Abdullahi Bayero, ya tattara tatsuniyoyin ƙasarsa cikin littafinsa Al-Ahaji as-Sudaniyya, ya cece su daga mantuwa. Aiki ne babba. Amma yaro mai shekara 15 ya wuce tatsuniya, abin da zai hana shi barci yake nema.

Masar ce ta biya masa buƙata. Larabawa kan ce Alƙahira ke rubutawa, Bairut ta buga, Hartum ta karanta, kuma a wannan fagen maganar ta tabbata. Daga 1968 Mahmud Salim ya soma labaran yara biyar masu warware sarƙaƙiya, Al-Mugamirun al-Khamsa. Sai Nabil Faruk da jaruminsa na leƙen asiri a shekarun 1980. Sannan a 1993 wani likita daga Tanta, Ahmad Khalid Taufik, ya fara jerin Ma Wara'a aɗ-Ɗabi'a, nan kuwa labari ya sauya.

Jaruminsa, Dakta Rif'at Isma'il, likitan jini ne, siriri, mai sanƙo, mai ciwon zuciya, ba ya rabuwa da taba. Ba ya dambe, ba ya harbi. Yana cin karo da gidajen da aljanu suka kama da tsinuwar fir'aunoni, yana ta neman dalili da hankalinsa, wani sa'in ya samu, wani sa'in abin ya gagare shi. A ganina wannan raunin ne ya sa matasa suka riƙe shi, domin yana tsoro kamar yadda suke tsoro, bai kuma raina wayonsu ba. Littattafan ƙanana ne masu arha, suna shiga aljihu, a saya a kasuwar Suk al-Arabi ta Hartum, guda ɗaya ya zaga aji sai bangonsa ya yage. Jerin ya kai littafi 80 kafin ya rufe a 2014, marubucin ya rasu a 2018.

Abin da ke damuna shi ne yaran Hartum sun girma suna tsoron abin da ke cikin kabarin fir'auna, alhali ba'atinsu da aljanun da ake cewa suna shiga jikin kyanwoyin garin Sawakin suna nan a bakin tsofaffi. Da marubutan gida suka waiwayi wannan duhun, manya suka rubuta wa. Hammur Ziyada, haifaffen Umdurman, ya rubuta gajeren labarin yaron da aka yi wa duba cewa zai mutu yana ɗan shekara 20. Amjad Abul Ala ya mai da shi fim, ya ci kyauta a Venice a 2019.

Daga 2012 masu tsofaffin littattafai suka riƙa shimfiɗa hajarsu a dandalin Atine a Hartum, kasuwar da ake kira Mafrush. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa masu sayarwa da masu saye, da yawansu suka yi gudun hijira zuwa Alƙahira.