Reshe ya juye da mujiya: ɗan wasa da juyin labari a teyatur na talabijin Nijar

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba wani nau'in wasan talabijin wanda kowane kashi nasa labari ne mai zaman kansa, ana dariya a cikinsa bisa mugunta ko mutuwa, kuma ƙarshensa yakan juye ba zato. Za mu kwatanta shi da wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wato teyatur, wanda ɗaya daga cikin manyansa, Yazi Dogo, ɗan ƙasar Dogondutsi ne. Ra'ayinmu shi ne: a Turai marubuci ke riƙe da juyin labari, a teyatur kuwa ɗan wasa ke riƙe da shi.

2. Yadda abin yake a Amurka da Ingila

Shirin Alfred Hitchcock Presents ya fara a Amurka a 1955. A wani kashi na 1958 da aka ɗauko daga labarin Roald Dahl, mace ta kashe mijinta da daskararriyar cinyar rago, ta gasa ta, ta ciyar da ƴan sandan da ke neman makamin kisan. A Ingila an bi wannan sawu da Tales of the Unexpected daga 1979 zuwa 1988, sannan Inside No. 9 daga 2014 zuwa 2024. A duk waɗannan, an rubuta juyin tun kafin a ɗauki hoto, aikin ɗan wasa shi ne kada fuskarsa ta tona abin da takarda ta ɓoye.

Sai dai Hitchcock da kansa, a hirarsa da François Truffaut wadda aka buga a 1966, ya bambanta mamaki da zullumi. Idan mai kallo bai san da bam a ƙarƙashin tebur ba, zai firgita na ɗan lokaci kaɗan. Idan ya sani, zai zauna cikin zullumi har ƙarshe. Wannan hanya ta biyu ita ce ta teyatur.

3. Teyatur a zamanin Samariya

Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, an farfaɗo da Samariya, kuma daga 1976 aka shiga yin bikin matasa na ƙasa. Ƙungiyoyin wasa sukan fara gasa daga ƙaramar hukuma, irin Dogondutsi wadda Tibiri ke cikinta har zuwa 2011, su wuce Doso, sannan matakin ƙasa. Da Télé Sahel ta soma aiki ga jama'a a 1979, wasannin suka shiga gidaje da dandalin kallo na unguwanni. Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, ya yi suna tare da ƙungiyar ORTN ta Damagaram.

Janet Beik, a littafinta na 1987, ta nuna cewa ba a rubuta waɗannan wasanni kalma bayan kalma. Ana tsara ƙashin labari, a raba matsayi, kowa ya zuba maganarsa a wurin gwaji. Ƴan wasan dai su ne, amma labari da matsayi sukan sake daga wasa zuwa wasa, saɓanin Samanja na Kaduna inda tauraro ɗaya ke dawowa kullum da kakinsa. Ta nan ne teyatur ya yi kama da shirye-shiryen da muka ambata.

4. Inda juyin yake

Mu ɗauki misalin da aka saba gani: malamin tsibbu na ƙarya, ko ma'aikaci mai cin hanci. Tun a fitowar farko an nuna wa ƴan kallo makircinsa. Ba a tambayar ko asiri zai tonu. Abin jira shi ne yaushe, kuma ta bakin wa. Ɗan wasa kan ja lokaci da gaisuwa mai tsawo, da kame-kame, da rantsuwa, har jama'a su ƙosa. Idan ya ji dariya ta kai, sai ya saki. Ke nan juyin yana cikin murya da kallo da shiru, abubuwan da ba su shiga takarda.

Mutanen Arewa ba baƙi ba ne ga irin wannan jira. A ƙasar Lugu akwai Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara don ya nuna mai laifi a gaban jama'a, haka kuma tatsuniyoyin Gizo sukan ƙare da wayo ya ci mai shi. Muna ganin ƴan kallon da suka tashi da waɗannan sun riga sun san daɗin tonon asiri a bainar jama'a.

Akwai kuma hannun hukuma. Teyatur na Samariya aikin faɗakarwa ne, saboda haka ba a barin macuci ya tsira: wanda ya gina ramin mugunta shi ke faɗawa. Amurka ma ba ta kuɓuta ba, domin a ƙarshen labarin cinyar rago sai da Hitchcock ya fito ya shaida wa masu kallo cewa matar ta shiga hannu daga baya. Bambancin shi ne, can an liƙa hukuncin a bayan wasa, nan kuwa hukuncin shi ne wasan.

5. Kammalawa

Wannan yana da nauyi ga masu bincike. Littafin Chaïbou Dan Inna na 2015 bisa Yazi Dogo ya buɗe hanya, amma wasan da ba shi da rubutu, faifai ne kaɗai matattararsa. Mai nazarin da ya tsaya ga taƙaitaccen labari zai sami darasin, ya rasa fasahar. Don haka muna ba ɗalibai shawara su koma ga faya-fayan gidan talabijin da tsofaffin ƴan Samariya na Dogondutsi da Tibiri, su auna inda ɗan wasa ya tsaya, da inda ya juya, da inda jama'a suka fashe da dariya.