Mafarkin Ɗan Makaranta da Ma'aunin Baƙo: Waiwaye a kan Binciken Robert LeVine a Ƙasar Hausa

A shekarar 1966 aka buga wani ɗan ƙaramin littafi a Jami'ar Shikago mai suna Dreams and Deeds, wanda ya yi ƙoƙarin auna himmar neman ɗaukaka a tsakanin Hausawa da Yarabawa da Ibo. Marubucinsa, Robert A. LeVine, an haife shi a 1932, ya yi digirinsa na uku a Harvard a 1958 bayan zaman bincike a cikin al'ummar Gusii ta Kenya. Ya koyar a Shikago har zuwa 1976, sannan ya koma Harvard. Fagensa shi ne mahaɗar nazarin al'adu da ilimin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a, kuma tare da Donald Campbell ya wallafa littafi a kan son kai na ƙabilanci a 1972. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, ma'aunin da ya zo da shi Nijeriya ya kama yadda ɗan Bahaushe ke maganar burinsa, ya kuma ɗauka cewa burin ne ya kama.

Tushen aikin na David McClelland ne, wanda a 1961 ya yi da'awar cewa bunƙasar tattalin arzikin al'umma tana bin yawan mutanen da ke da ƙishirwar yin fice, kuma ana iya gano wannan ƙishirwa a cikin labaran da mutane ke ƙirƙira. LeVine ya ce to, ai mafarki ma labari ne. Ya tattara mafarkan 'yan makarantar sakandare maza 342, daga cikinsu 65 Hausawa, aka ƙirga waɗanda a cikinsu mai mafarkin ke fafutukar cin wata gasa ko kaiwa ga wani matsayi. Ibo suka zo na ɗaya, Yarabawa na biyu, Hausawa na ƙarshe. Ya kuma sa yaran rubuta insha'i a kan yadda yaro ke zama mutumin da ya ci nasara. A nan Hausawa suka fi kowa ambaton ladabi da biyayya.

A yi masa adalci, bai ce abin a jini yake ba. Ya jingina bayaninsa da tsarin hawa matsayi kafin zuwan Turawa, yana dogaro da aikin M. G. Smith a kan sarautar Zazzau: a ƙasar Hausa, in ji shi, ana ɗaukaka ta hanyar barantaka, wato bin ubangida har ya ɗaga ka, alhali a ƙasar Ibo mutum na tara dukiya ya sayi muƙami da guminsa. Bayani ne mai tsari, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa.

Matsalar farko tana cikin mafarkin kansa. A wurin Musulmin ƙasar Hausa, mafarki ba abin shanyawa a rana ba ne. Yaro tun yana makarantar allo ya ji cewa mafarki mai kyau sai masoyi ake gaya wa, mummuna kuwa a yi tofi a hagu a nemi tsari a yi shiru. Ya san labarin Annabi Yusufu da gargaɗin da mahaifinsa ya yi masa game da 'yan'uwansa. Wanda ya yi mafarkin ya hau farin doki ana yi masa kiɗa, wurin malami zai kai shi a keɓe, in ma ya faɗa ke nan. To yaya za a miƙa wa irin wannan yaro takarda a aji, a ce ya rubuta wa baƙo abin da ya gani a barci, sannan a ɗauki shirunsa a matsayin shaida?

Na taɓa tambayar wani saurayi daga wajen Toranke a ƙasar Ajingi, wanda nake koyarwa, me yake son zama. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, duk abin da Allah ya yi." Sai daga baya na ji daga bakin abokinsa cewa yana da tumaki huɗu da yake kiwo a gidan gwaggonsa, yana zuba adashi duk mako, kuma ya riga ya ƙayyade watan da zai sayi keken ɗinki. Da a takardar LeVine ya faɗo, da sifili zai ci.

Matsala ta biyu ita ce su wane ne yaran nan 65. A farkon shekarun 1960 'yan ƙalilan ne a Arewa ke kaiwa sakandare, kuma hanyar da ke gabansu ta aikin En'e ce da na gwamnati, inda ladabi ga na gaba shi ne jari. Ɗan falke da ɗan koli da almajirin da ya tafi gabas neman Alƙur'ani ba sa cikin ajin. Alhali a nan ne himmar Bahaushe ta fi fitowa fili. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta kai ayari Gwanja sayen goro tun kafin Bature ya san hanyar. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa a kan auduga suka sa rai, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakani. Shekara uku kacal bayan littafin LeVine, Abner Cohen ya nuna yadda Hausawan unguwar Sabo a Badun suka riƙe cinikin shanu da goro a ƙasar da ba tasu ba. Ko a tarihin baka na Kano ma, daga garin Gaya ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka taso neman tama har suka tare a gindin Dala.

A cikin wannan fatauci kuwa, biyayya ita ce tsanin. Yaro yana ɗaukar wa maigidansa kaya shekaru, ana gwada amanarsa da ƙaramin aike kafin babba, ranar da aka yarda da shi a yanka masa jari. Wanda ya rubuta "ladabi" a insha'insa yana iya kasancewa dabarar arziki yake bayyanawa, irin wadda ya gani a ƙofar gidansu. LeVine ya san da barantaka, ya ma rubuta ta, amma ma'aunin McClelland bai da gurbin da zai sa burin da ke bi ta hannun wani.

Abin da ya sa nake ganin girman mutumin duk da haka shi ne abin da ya biyo baya. A 1969 ya dawo ƙasar Hausa nazarin renon jarirai. Matarsa Sarah, wadda daga baya suka rubuta Do Parents Matter? tare a 2016, ta ga uwaye ba sa kallon jariransu ido cikin ido, ba sa yi musu wasa a gaban mutane, musamman ɗan fari. Bisa karatun da ta yi a ƙasashen Turai da Amurka, wannan alamar haɗari ce ga lafiyar tunanin yaro. Amma yaran suna tashi lafiya lau, a hannun kaka da kishiyar uwa da 'yan'uwa. Sunan abin kunya, kuma a wannan karon an tsaya an koyi sunan kafin a yanke hukunci. Sakamakon da suka fitar a 1977 ya shiga cikin hujjojin da ake kafawa cewa jariri na iya shaƙuwa da masu reno da yawa ba tare da ya cutu ba. Kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari ita ce dai ke hana saurayi faɗin burinsa a gaban malaminsa. An gane ta a ɗakin mai jego, ba a gane ta a ajin sakandare ba.

Ɗalibin da ke jami'ar Bayero ko ta Wudil da zai so maimaita binciken a Ajingi ba ya buƙatar tambayar kowa mafarkinsa. Ya je tasha bayan an gama girbin gero da dawa, ya ƙirga samarin Balare da Kunkurawa da ke hawa mota zuwa cirani, ya rubuta inda kowa ya nufa da wanda zai sauka a wurinsa. Idan damina ta kusa ya koma tashar, ya ga wanda ya dawo da kuɗin taki, da wanda ya dawo da babur, da wanda maigidansa ya riƙe shi a shago.